Baffa da Motar da Ke Ƙin Tashi a Ƙofar Iya

Na Allah ne mu, kuma wurinsa muka nufa. Baffa dai ya riga mu isa.

Ranar da aka kai shi makwancinsa, layinmu bai ɗauki motoci ba. Tun daga bakin tasha har bayan masallacin unguwa an jera su, wasu sababbi fil, wasu kuwa in ka gan su sai ka rantse da igiya aka jawo su. Direbobin Kance sun zo, na Dungu sun zo, har da wani tsoho da ya daina tuƙi tuni saboda ido. Mu mata muna ciki, amma katangar gidan gajera ce, kuma direba ko a gidan mutuwa bai iya magana a hankali ba. Duk abin da suka faɗa ya shigo kunnena.

Wani ya ce, "Wallahi har yau gwiwata ba ta manta da hularsa ba." Aka kwashe da dariya. Liman ya yi gyaran murya, aka yi tsit, aka ɗaga hannu aka shafa. Ba a jima ba wani ya sake ɗauko wani labarin. Haka aka wuni, a yi fatiha, a yi dariya, a share hawaye da bakin riga.

A cikin gida wata baƙuwa ta dube ni, ta tambayi ta kusa da ita, a zatonta ba na ji: "Waccan mai kukan ita ce babbar ƴarsa?" Aka ce mata a'a, matar ɗan wansa ce. Ta ce, "Ikon Allah! Suruka ce take wannan kuka haka?" Na so in juya in ba ta amsa, don bakina ba ya ajiye magana, duk Matameye an san ni da wannan. Amma gidan makoki ne, sai na haɗiye. Amsar ce nake rubutawa yanzu, don kada a binne Baffa a haɗa har da abin da ya yi mini.

Baffa ƙanen mahaifin maigidana ne. Makanike ne tun kafin a haife ni, garajinsa ƙarƙashin wata dalbejiya bayan tasha. Gajere ne, baƙi, kullum da goro a kumatu da wata hula da ta sha baƙin mai har ba a san asalin launinta ba. Ba mutum ne mai sauƙi ba, kada wanda ya ce don ya mutu zan shafa masa zuma. In ka kawo mota ka ce masa, "Baffa, ina jin batir ne," sai ya miƙo maka sifana ya ce, "To ga shi, tunda ka sani." Abin da yake so ka gaya masa shi ne me ta yi, a ina, rana tana ina. Zatonka kuwa ka bar shi a aljihu.

Hancinsa shi ne babban kayan aikinsa. Kafin ya taɓa mota sai ya zagaya ta yana shinshina, ya durƙusa wajen bututun hayaƙi, ya dangwali abin da ya ɗigo a ƙasa ya kai hanci. Maganar hular kuwa, ga yadda take: in mota ta ƙi tashi ya ga direba yana ta famfa totur da ƙafa, sai ya cire hular ya maka masa a gwiwa. "Ɗura kake yi mata? Ka tambaye ta ko yunwa take ji?" Babu babba babu yaro, har Alhazai sun sha wannan hula.

Da matarsa kuwa rigimarsu ɗaya ce har tsufa. Duk farantin da ta saya mai kyau, sai ta je ta tarar da shi a garaji cike da isansi, wato fetur, ana wanke ƙarafa a ciki. Ta yi faɗa, ya ce na ƙarshe ke nan, kasuwa ta zagayo a sake. Amma ita ma ta san duk motar baƙi da ta lalace a garin, matan da ke ciki gidanta zai turo su sha ruwa da fura, kuma ba ta taɓa mayar da kowa ba.

To ga nawa labarin.

Sanyi na ƙarewa aka kawo ni gidan nan daga Tsauni. Maigida yana da tsohuwar bashe, motar nan mai buɗaɗɗen baya da ake rufa wa tamfol, da ita yake kai ƴan kasuwa da buhunansu kasuwannin ƙauye. Iyayensa sun rasu tun yana ƙarami. Gwaggo, yayar Baffa, ita ta raine shi, kuma ita ke da gidan. In ta ce rana ta faɗi, to fitila za ka nema.

Ranar kasuwar Tsauni sai in shiga gaba in je in ga Iya, mahaifiyata. Ƙofar gidanmu yake fara tsayawa ya sauke ni. Kowa ya san ba a barin inji yana ruri a ƙofar surukai, rashin kunya ne. Sai ya kashe, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. A tambayi gajiya, a tambayi zafi, a tambayi Gwaggo, Iya ta kawo ruwa ya kurɓa. Rannan bazara ta fara kankama, ya gama gaisuwa ya koma ya murɗa makulli. Gur-gur-gur, ta ƙi. Ya famfa totur, ya sake, ta ƙi. Yashi ne wurin, ba a iya turi. Sai da mutane suka gaji da zama sannan ta ga dama ta tashi, aka yi dariya aka wuce.

Kasuwa ta gaba ma haka. Ta gaba kuma, ina tsaye a ƙofa ina jiran su tafi, sai wani mai sayar da barkono da ke zaune saman buhu ya leƙo ya ce, "Ko amarya za ta ɗan matsa daga nan?"

Ban gane ba da farko. Sai na ga ba fuskata yake kallo ba, ƙafata yake kallo. Na dubi maigida, ya sunkuyar da kai. Na dubi Iya, ta kama bakinta da hannu. Na ja zanena na zagaya can bayan rumbunan unguwa na tsaya cikin rana ni kaɗai, na daɗe ina tsaye, gumi yana bin bayana. Can na ji injin ya yi tari ya kama. Sai na ji ƴan kasuwar sun ɗauki kabbara gaba ɗaya.

Wannan kabbarar ce ta kashe ni. Kafin mu dawo Matameye magana ta riga mu isa: amaryar gidan Gwaggo farar ƙafa gare ta. Wato irin matar da in ta shiga gida arziki ya fice ta bayan katanga.

Kuma abin ya yi ta ba su gaskiya. In shi kaɗai ya fita da ƴan kasuwa, lafiya lau ya je ya dawo. Ya kai ni gidan likita a Kance, muka shiga muka fito, ta ƙi. Ya kai ni barkar haihuwa, muka fito, ta ƙi. Ya kai ta wurin Baffa da sassafe, murɗawa ɗaya ta tashi. Baffa ya duba buji, wato fulogi, ya duba batir, bai ga kome ba. Maigida kuma kunya ta hana shi faɗin inda take ƙin, da abin da ake cewa. Ya dai ce, "Wani lokaci takan ƙi." Baffa ya ce, "To kawo ta wani lokacin."

A bakin famfo mata suka koma gaishe ni idonsu a ƙasa, ba don ladabi ba. Ni da ba na jin tsoron kowa, na koma sa safa cikin zafin bazara. Ƴan kasuwa suka ce in ina ciki ba za su hau ba. Wata safiya Gwaggo ta kira ni ɗakinta ta ce, "Yarinya, ki haɗa ƴan kayanki ki je gida ki ɗan huta." Duk macen da ta yi aure ta san irin wannan hutun ba a dawowa daga shi. Maigida yana zaune a bakin ƙofa yana wasa da makullin mota, bai ce uffan ba. Ina son sa, ya kuma zama mutumin kirki daga baya, amma har yau in na tuna shirun nan sai hannuna ya yi nauyi wajen zuba wa miyarsa barkono.

Na ƙulle kayana. Na ce ko korata aka yi ba zan bar garin ban sallami manya ba, kada a ƙara mini da rashin tarbiyya. Na tafi garaji, abin da ban taɓa yi ba. Na durƙusa nesa da shi na gaishe shi, na ce na zo sallama.

"Sallamar ina, Amarya?"

Na ce Gwaggo ta ce in je in huta.

"Noma kika yi?"

Nan fa kuka ya ƙwace mini, na zazzage masa kome, har da bayan rumbu, har da kabbara. Ban ɗaga kai ba, amma na ji ya tofar da goron bakinsa. Na zaci lallashina zai yi. Ina! Sai ya jawo wata tsohuwar taya ya zauna ya ce, "Share hancinki. A ina take ƙi?"

Na lissafa masa wuraren.

"In kun tsaya, kashe ta yake yi?"

Na ce, "Ƙofar Iya ce fa, Baffa."

"Gaisuwar tana daɗewa?"

"Gwargwadon a sha ruwa a tambayi mutanen gida."

"In shi kaɗai ne, yana tsayawa a hanya?"

Na ce a'a, daga tasha sai kasuwa, can take wuni sai yamma.

"Kina jin wani wari in ta ƙi?"

Na ce warin mai, har ya hau mini kai. Na kuma ce akwai wani abu da ban gaya wa kowa ba, don kada a ce aljanun nawa nake ji. In an kashe ta ina tsaye kusa da kapo, wato murfin inji, nakan ji wani ƙur-ƙur a ciki, irin na tukunyar da aka sauke yanzu ba ta gama tafasa ba. In ta tashi kuma sai ta yi baƙin hayaƙi.

Baffa ya cire hularsa ya maka wa gwiwar kansa. "Wata nawa ana neman ciwon motar nan, ashe likitan yana gida yana tuƙa tuwo! Babu wanda ya tambaye ki?"

Na ce wa zai tambayi mai farar ƙafa.

Ya ce, "Saurara, ƴata." Ya ɗauko wata karbirata da ke cikin faranti ya nuna mini, ya ce nan ne mai yake haɗuwa da iska kafin ya shiga inji, ga ɗan kwanon da yake taruwa a ciki. Muddin mota tana tafiya, fanka tana hura iska, sabon mai mai sanyi yana ta shigowa. Da an kashe ta da zafinta, iska ta tsaya, sai zafin inji ya hau sama ya dafa ɗan kwanon nan. Man ya tafasa ya yi ambaliya cikin maƙogwaron inji, ta shaƙe. Direba kuma ya zo yana famfa totur yana ƙara mata wani. In aka bar ta ta daɗe, man ya bushe da kansa, ta tashi. Da sanyi ba ta yi, shi ya sa sai da bazara ta shigo abin ya fara.

"Ba tafiyarki bayan rumbu ce ta tashe ta ba," in ji shi. "Daɗewar da kika yi ce. Da akuya aka kora can, da ita ma ta samu kabbara."

Ina hawaye na fashe da dariya. Na ce to Baffa a taimaka a gyara ta yau.

"A'a. In na gyara ta a ɓoye, cewa za a yi rubutu aka sha, ko an yi miki turare. Ƙafar tana nan a bakinsu. Sai ta sake ƙi tukuna, ba ke a wurin. Koma ki ce wa Yaya ni na ce ki dakata, akwai abin da zan aika wa Iyarki."

Abin da ya faru washegari ban gani da idona ba, ina gida, amma an ba ni labarin har na haddace shi. Baffa ya zo ya ce wa Gwaggo wani tsohon danginsu a Dungu ba shi da lafiya, ya kamata a je dubiya. Ya gayyato maƙwabta mata, irin waɗanda labari ba ya kwana a bakinsu, ya cika bayan bashe da su. Bai yarda an tashi ba sai da rana ta take. Ya sa maigida ya bi ta hanyar yashi. Da suka isa ya ce, "Kashe ta, ɗana, ƙofar manya ce." Aka shiga aka yi dubiya aka fito, kowa ya hau. Gur-gur-gur, ta ƙi.

Baffa ya bari maigida ya gwada har ya yi gumi, ko hula bai cire ba rannan. Sannan ya juya ya dubi Gwaggo a kujerar gaba, cikin ladabi ya ce, "Yaya, ko za ki ɗan matsa bayan rumbun can?"

An ce Gwaggo sai da ɗankwalinta ya zame. "Auta! Ni kake gaya wa haka? Ni da na goye ka?"

"To ai Amarya tana Matameye. Mota kuwa ta ƙi. A cikinmu nan dai akwai mai ita. Ko duk a tuɓe takalma a duba?"

Matan baya suka fara jan zane suna rufe ƙafafu. Sai ya sauka ya ɗaga kapo, ya cire murfin da ke saman karbirata, ya ce duk mai kunne ya matso. Suka matso. Ga ƙur-ƙur ɗin nan, ga tururi yana tashi, ga mai yana ɗiga ciki ba wanda ya taɓa kome. Ya ce wa maigida, "Taka totur har ƙasa ka riƙe, kada ka famfa, ka bar ta ta sha iska. Murɗa." Ta yi gur-gur, ta yi tari, ta tashi da baƙin hayaƙi. Babu wanda ya yi kabbara.

Da suka dawo ina tsakar gida na ji su a ɗaki. Gwaggo tana cewa, "Ka tozarta ni a gaban mutane, Auta."

Ya ce, "Ke a gaban maƙwabta aka yi miki, Yaya. Ita a gaban uwarta."

Gwaggo ta daɗe ba ta amsa gaisuwarsa ba. In matarsa ta aiko da tuwo, a rufe yake komawa. Shi kuwa kullum da safe sai ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya gaishe da labule ya tafi, har ta gaji ta amsa.

Gyaran kansa bai ɗauki wani dogon lokaci ba, kuma ya sa an kira ni na zauna ina kallo. Ya je wurin masu sassaƙa turmi ya samo guntun itacen kirya, ya fafe shi daidai gindin karbirata, ya huda shi, ya goge har ya yi sumul, ya sa shi tsakaninta da inji. Ya ce ƙarfe yana miƙa wa ƙarfe zafi, itace kuwa ba ya miƙawa, shi ya sa muciya ba ta ƙona hannu. Ya janye tiyon mai daga kusa da bututun hayaƙi ya ɗaure shi ta wani gefe. Ya buɗe ɗan kwanon ya lanƙwasa wani ɗan ƙarfe kaɗan don kada man ya riƙa cika har baki. Shi ke nan abin da ya kusa raba ni da aurena.

Ranar kasuwar Tsauni ta zagayo, kuma wannan ranar ko a aljanna ina fatan a bar ni in riƙa tuna ta. Baffa ya sa maigida ya je Kance ya dawo don mota ta yi zafi sosai. Sannan ya aiko a ce in yi kwalliya, in kuma cire safar nan. Ya buɗe mini ƙofar gaba da hannunsa. Shi kuwa ya hau baya ya tsaya ya kama ƙarfe, babbar rigarsa tana kaɗawa.

Muka fara da tsakiyar tasha. Ya buga rufin mota ya ce a kashe. Ya sauka ya karɓi shayi wurin mai shayi ya sha a tsanake, direbobi sun kewaye mu. Da ya gama ya leƙo ta taga ya ce, "Amarya, miƙa hannu ki murɗa."

Na ce, "Ni, Baffa?"

"Akwai wata amaryar a nan?"

Na miƙa hannu ta gaban maigida na murɗa. Wallahi ko gur ɗaya ba ta gama ba ta kama. Tasha ta ɗauki ihu. Muka je bakin famfo inda mata suke layi, aka kashe, ya tsaya ya wanke fuska ya yi hira da mai famfon, na murɗa, ta tashi. Na zuro ƙafata ta ƙofa ina karkaɗa ta, wai ina kakkaɓe yashi. Kowace ta gani.

Ƴan kasuwa suka hau, har da mai barkono, don Baffa ya tafi da kansa ya jawo shi. Muka isa ƙofar Iya, aka kashe. Baffa ya durƙusa tare da maigida, ya ja gaisuwar nan da gangan. Ya tambayi Iya, ya tambayi kaji, ya tambayi tinkiya da abin da ta haifa, ya tambayi rufin ɗaki ko zai kai damina. Unguwa duk ta fito. Sannan ya ce in zo in tsaya in ɗora ƙafata a kan tayar gaba. Na ɗora. Maigida ya murɗa, ta tashi tana rawa a ƙarƙashin tafin ƙafata.

Iya, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa har sai da kaji suka watse. Na ɗaga kai na dubi mai barkono a saman buhunsa na ce, "Malam, ko in ɗan matsa?" Ya rufe fuska da rawani. Maigida yana riƙe da sitiyari hawaye yana zubo masa, ya ce a hankali, "Ki yafe mini." Na ce sai na yi shawara. Farin cikin da na yi rannan ban yi kamarsa ba ko ranar da na haifi ɗan fari.

Na kwance ƙullin kayana. A gidan nan na haifi ƴaƴana duka, a nan na aurar da su. Bashe ta yi shekaru tana aiki da guntun kiryarta kafin a sayar da ita. Gwaggo kuwa ba ta ƙara ce mini in je in huta ba, amma ba ta taɓa buɗe baki ta ce in yi haƙuri ba. Muka zauna haka, ina yi mata abinci, ina wanke mata kaya, tana kirana "yarinya" har na yi furfura. Ni ma ban manta ba, ba zan yi ƙarya ba.

Baffa ya tsufa a ƙarƙashin dalbejiyarsa yana mitar motocin yanzu da ba su da karbirata. Ya ce mota ba ta wari, ba ta gaya maka kome, sai an jona mata waya tukuna. Duk da haka masu tsofaffin motoci ba su daina zuwa ba, kuma duk wanda ya ce tasa tana ƙin tashi da zafi, sai Baffa ya ce, "Je ka tambayi Amarya." Ina da jikoki yana kirana Amarya.

Da ciwon ya yi tsanani aka ce a kai shi babban asibitin Damagaram. Da hantsi aka kwantar da shi a kujerar baya ta motar babban ɗana, matarsa ta tallabe masa kai. Ga ƴaƴansa mata na cikinsa a tsaye, kowace da mayafinta a shirye. Ya buɗe ido da ƙyar ya ce, "Amarya ta shiga gaba." Na shiga.

Mun wuce Kance kaɗan na ji matarsa ta fara salati. Ɗana ya gangara gefen hanya. Baffa ya cika da kalmar shahada a bakinsa, muka rufe masa ido, muka juya.

Ban san tsoron nan yana nan da rai a cikina ba sai a hanyar dawowa. An fita da mutum da ransa, ina cikin motar, an dawo da gawa. Na dubi ƙafafuna. Da muka iso ƙofar gida waya ta riga mu, mutane sun cika. Maza suka ɗauke shi suka shiga da shi. Ni kuwa na kasa buɗe ƙofa. Ina zaune ina jin mata a bakin zaure, har na ji wata ta fara, ƙasa-ƙasa, "Ai da ita aka tafi. Ba ita ce wadda da can aka ce..."

Sai na ji sanda ta bugi ƙasa. Gwaggo ce. Ta tsufa tukuf, ba ta gani sosai, ta fi shekara ba ta taka ƙofar gida ba. Ta fito tana lalube, mata suna darewa.

"Ina matar ɗana?"

Aka nuna mata motar. Ta lalubo ƙofar ta buɗe da kanta, ta kama wuyan hannuna.

"Sauko, ƴata. Auta ya san wadda ya zaɓa ta raka shi." Ta juya wajen matan ta ɗaga murya yadda na san ta da can. "Duk wadda take son kallon ƙafa, ga tawa nan. Ni na fara wannan magana a garin nan, ƙarya ce, kuma yau na binne ta kafin a binne ƙanena."

Na sauko. Ta dafa kafaɗata muka taka a hankali har bakin zaure. Nan ta tsaya ta saki kafaɗar, ta ja baya.

"Ke za ki fara shiga."

Na shiga.

Ya Allah ka sanyaya wa Baffa makwancinsa, ka wanke shi kamar yadda ya wanke ni a gaban mutane. Amin.